Yaushe Ake Buɗe Tafkin Ninƙaya na Gida Bayan Hunturu? Shawarwari ga Mazauna Ƙasashen Sanyi

A Kano ko Damagaram, hunturu bai wuce a ɗauko rigar sanyi da man shafawa ba. A Shikago ko Toronto kuwa, ruwa daskarewa yake yi a cikin bututu, ya kumbura, ya fasa shi. Shi ya sa mai tafkin ninƙaya a bayan gida yake rufe abinsa tun cikin kaka. A rage ruwa, a hure bututai da iska, a toshe su, a kashe inji, a ja murfi a lulluɓe, sai kuma bayan wata shida ko bakwai. Da yawa daga 'yan uwanmu da suka sayi gida a can ba tafkin suka je nema ba, tare da gidan suka same shi. Da zarar Afrilu ya kama sai tambaya ta taso: yaushe za a buɗe?

In ka tambayi maƙwabci Ba'amurke, amsar a bakinsa take: Memorial Day, wato Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ranar da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga. A Kanada Victoria Day za a ce maka, Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu. Ranakun hutu ne da jama'a suka ɗauka a matsayin farkon lokacin zafi, sai aka jingina buɗe tafki da su. Ruwan da ke ƙarƙashin murfi kuwa ba ruwansa da hutun gwamnati. A yawancin garuruwa, wanda ya jira waɗannan ranaku ya makara.

1. Auna zafin ruwa, ka rabu da kalanda.

Abokin gabar mai tafki gansakuka ce. Muddin ruwa na da sanyi sosai, kwance take ba ta motsi. Da ya kai digiri 15 zuwa 16 a ma'aunin Selsiyas, wato kusan 60 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi, sai ta farka ta shiga yaɗuwa. A daidai lokacin kuma kulorin da aka zuba ranar rufewa ya daɗe da ƙarewa, inji a kashe, ruwa tsaye cak. Babu abin da zai tare ta. Kwanaki kaɗan na zafi sun isa su mayar da ruwan da aka rufe garau ya koma kamar miyar kuka.

Dabarar ba ta da tsada. Ka sayi ma'aunin zafi na ruwa, ka ɗaura masa igiya, ka ɗaga kusurwar murfi ɗaya ka zura shi ƙasa kamar tsawon hannu. Ka bar shi 'yan mintoci sannan ka duba. Tun daga ƙarshen Maris, sau ɗaya a mako ya wadatar. In ka ga 10, fara shiri. In ka ga 13, sa rana. Kada ka bari ya haura 15 murfi na kai.

Masu sana'ar suna da nasu ƙiyasin na baka: idan zafin rana ya tsaya a kusan digiri 21 kullum har tsawon mako, lokaci ya yi. Ƙiyasin ba laifi, amma ni na fi yarda da ma'aunin da ya taɓa ruwan. Murfi mai duhu yana shan rana, kuma ruwan da ke ƙarƙashinsa kan riga iskar gari ɗumi ba tare da kowa ya lura ba.

2. Ranar buɗewa daban, ranar shiga ruwa daban.

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Maigida zai ce, "Wa zai shiga ruwa da wannan sanyin? Bari dai a ƙara kwana biyu." Gaskiyarsa, ba wanda zai shiga. Amma buɗe tafki ba gayyatar wanka ba ce, tayar da inji ne domin ruwa ya riƙa zagayawa ana tace shi. Zai iya yin mako uku ko wata guda a buɗe kafin kowa ya tsoma ƙafa.

Mai jan ƙafa kuɗin lantarki yake gudu. To, a yi lissafi. Ruwan sanyi ba ya cin kulorin sosai, kuma injin zamani mai sauya gudu, in aka saita shi a hankali, wuta kaɗan yake ja. Wannan shi ne kuɗin buɗewa da wuri. Kuɗin makara kuwa: fakiti kan fakiti na kulorin, wanke matata kusan kullum, mako guda ko fiye ana gogar bango da buroshi inji na aiki dare da rana, ga tabon ruɓaɓɓen ganye da kan kama ƙasan tafki ya ƙi fita. Wani ma sai ya kira kamfani. An gudu ke nan ba a tsira ba.

3. Duba irin murfin da ke kai.

Murfin raga, mai ɗauke da maɗaurai a jikin daɓe, yana tare ganye amma yana barin ruwan sama da ƙura da ɗan hasken rana su wuce. Haske kuwa shi gansakuka ke nema. Mai irin wannan murfi ya riga kowa buɗewa, ko da mako biyu ne. Murfin tamfol da ba ya yoyo yana ba da ɗan sarari tunda haske ba ya ratsa shi, sai dai ruwa kan taru a bayansa ya zama kududdufi. Da an fara ɗumi sauro zai yi ƙwai a ciki, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ba. Kada ka ce ai Amurka ba ƙasar maleriya ba ce. Tun 1999 suke fama da cutar West Nile, kuma sauro ne ke ɗaukarta.

4. Garinku shi ne zai faɗi wata.

A Filorida, kudancin Tekzas da kwarin Arizona mai zafi, yawancin mutane ba sa rufe tafki ma, rage awannin inji kawai suke yi. A Atlanta da makamantanta, ƙarshen Maris zuwa Afrilu. A Merilan da Bajiniya, Afrilu. A Shikago, Minesota da kudancin Kanada, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Ingila ma kusan haka. A Ostareliya da Afirka ta Kudu lamarin a juye yake, Satumba da Oktoba ne watannin shiri.

Tsoron mai buɗewa da wuri shi ne sanyi ya dawo bayan an mayar da ruwa cikin bututai. Daren daskarewa ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne, domin ruwan da ke gudu ba ya saurin ƙanƙarewa. Ka bar inji a kunne har gari ya waye. Haɗarin yana wurin ɗaukewar wuta. A Fabrairun 2021, da matsanancin sanyi ya faɗa wa Tekzas lantarki ya ɗauke na kwanaki, injuna da matatai da bututan tafkuna masu yawa sun tsage. Saboda haka ka san inda matosan zubar da ruwa suke a jikin injinka, matatarka da na'urar ɗumama ruwa, tun kafin ka buƙace su. In wuta ta ɗauke cikin daren ƙanƙara, ka kashe makunnin inji, ka kwance matosan, ruwan ya tsiyaye. In kuma masu hasashe na cewa akwai sauran mako na daskarewa a jere, to ka haƙura tukuna.

Masu tafki a Abuja, Kaduna ko Yamai ba su da wannan matsala, ruwansu ba ya daskarewa balle a rufe. Nasu lokacin yana zuwa ne idan ƙurar hunturu ta lafa, wajen ƙarshen Fabrairu. Sannan ne ake wanke matata sosai, a kwashe laka daga ƙasa, a gyara sinadarai kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke cinye kulorin kafin la'asar.

5. Kada ka jira bishiyoyi su gama zubar da gari.

Duk wanda ya taɓa zama Atlanta a ƙarshen Maris ya san yadda garin furen bishiyoyi ke mayar da motoci rawaya. Wasu sukan ce bari a jira ya wuce, kada ya ɓata ruwa. Ai ta murfin raga yake bi ya shiga, ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. In inji na aiki kuwa, yana sauka ana kwashe shi. Akwai wata 'yar safa ta raga da ake sa wa kwandon da ke bakin tafki, tana kama garin kafin ya isa matata. A riƙa cire ta ana ɗaurayewa kullum har kakarsa ta wuce.

6. In kamfani zai buɗe maka, kira su tun Maris.

Kowa watan Mayu yake so. Wanda ya kira a makare sai a ba shi Yuni. Ga wanda bai taɓa yi ba, shawarata ya biya a yi masa shekarar farko, ya tsaya a kansu yana kallo, yana ɗaukar hoton kowane famfo da yadda aka juya shi. Sinadarai ma a saye da wuri. Bayan gobarar da ta cinye wata babbar masana'antar kulorin a Luwiziyana a Agustan 2020, ƙwayoyin kulorin sun yi wuya sun yi tsada a Amurka a bazarar 2021. Ruwan gwajin da ya kwana tun bara kuwa, a sake sabo, yakan yi ƙarya.

7. Gyara shinge kafin ka taɓa murfi.

Wannan ita ce shawarar da ba a sassauci a kanta. Murfin raga mai maɗaurai kariya ce, ya yi wata shida yana tsare yaranka ba ka sani ba. Ranar da ka cire shi, kariyar ta tafi, kuma ta tafi ne a lokacin da hankalin kowa ba ya kan tafki, tunda ba a fara wanka ba. Makonnin nan na tsakanin buɗewa da fara iyo su ne suka fi ba ni tsoro. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta bayyana nutsewa a ruwa a matsayin abin da ya fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar, kuma galibinsu a tafkin gida ne.

Shinge ya kewaye tafkin ta ɓangare huɗu, ya raba shi da gidan kansa. Katangar da ta raba ka da maƙwabci ba ta hana ɗanka fita ta ƙofar kicin. Tsayin shingen kada ya gaza ƙafa 4, wato mita 1.2. Ƙofarsa ta zama mai rufe kanta, mai sakata da ke faɗawa da kanta, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ka gwada ta da kanka: buɗe ta kamar taƙi ɗaya kawai ka sake. In ba ta ja kanta ta ce ƙyas ba, sanyi ya karkatar da ginshiƙi ko ya kashe sifirin, a gyara yau. Ka ɗauke kujera, tukunyar fure da duk abin da yaro zai taka ya haura.

Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga gari zuwa gari, don haka ka tambayi hukumar garinku da kamfanin inshorarka. A Faransa, tun 2003 doka ta wajabta wa duk mai tafkin da aka haƙa a ƙasa ya sa ɗaya cikin huɗu: shinge, ƙararrawa, murfin tsaro ko rumfa mai rufewa.

Da ruwa ya washe, leƙa murfin magudanar da ke can ƙasa. In ya tsage ko ya kwance, ba mai shiga sai an sauya. Ƙarfin zuƙar inji na iya riƙe gashi ko jikin yaro a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya faru ke nan a 2002 da jikar James Baker, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, 'yar shekara 7. Sunanta aka sa wa dokar Virginia Graeme Baker ta 2007, wadda ta kafa sharuɗɗan irin murfin da za a riƙa sayarwa.

8. Cire murfi aikin mutum biyu ne.

Fara da zuƙe ruwan da ke bayansa da ƙaramin inji, ka share ganye. In ka yi garaje, duk ƙazantar wata shida cikin tafki za ta zube. Ku kama gefe da gefe kuna ninkewa kuna ja. A shimfiɗa shi a wanke, ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ya yi fumfuna. Kada a bar shi a kan ciyawa cikin rana, zai ƙone ta. A ajiye shi a cikin mazubi mai murfi saboda ɓeraye.

Sai a cire matosan hunturu daga bakin bututai, a mayar da kwando da tsani, a zura tiyo a ƙara ruwa har ya kai tsakiyar bakin kwashe shara.

9. Tayar da inji da natsuwa.

Mayar da matosan da aka kwance a kaka. Masu rufewa sukan ajiye su a cikin kwandon injin, can za ka fara dubawa. Shafa wa robar murfin injin man silikon, ka cika tukunyarsa da ruwa, domin injin da ya yi gudu a bushe lalacewa yake yi. Buɗe famfunan shiga da na fita. Sannan, kafin ka kunna, buɗe ɗan famfon fitar da iska da ke saman matata, ka matsa gefe. Iskar da ta matse a ciki na iya cilla murfin matata sama da ƙarfin da zai illata mutum. Za ka ji tana huci. Sai ruwa ya fara tsartuwa sannan ka rufe.

Ka rubuta lambar da allurar ma'aunin matsi ta nuna yanzu da matata ke da tsabta, a jikin bango ma in ka so. Ranar da ta ƙaru da 8 zuwa 10, lokacin wanki ya yi. Danna maɓallin gwaji na makarin wuta da ke kare fitilar tafki da soket. In bai yanke wutar ba, kira mai gyaran lantarki, wannan ba aikin gwaji ba ne.

10. Ko ruwan ya yi kore, kada ka kwashe shi duka.

Bayan narkewar dusar ƙanƙara ƙasa a jiƙe take sharaf. Nauyin ruwan ciki ne ke danne tafki, in babu shi ruwan ƙasa na iya tunkuɗo shi sama ya tsage. Mai shimfiɗar leda kuwa, ledar takurewa take yi. In kana zargin yoyo, ɗora bokiti cike da ruwa a kan matakala, ka yi alama a matakin ruwan ciki da na waje, ka dawo bayan awa 24. In na waje ya fi na bokiti sauka, akwai inda yake tsiyaya.

11. Sinadarai suna da tsari, ba a zuba su haɗe.

Bar inji ya juya ruwa na wasu awanni kafin gwaji, ka ɗebo daga zurfin gwiwar hannu. Yawancin shagunan kayan tafki suna gwada ruwa kyauta in ka kai musu a kwalba. Ka karɓi sakamakon, amma ba dole ne ka sayi duk abin da suka lissafa ba.

Ana farawa da jimillar alkali, tsakanin 80 da 120 a ma'aunin ppm, domin shi ke riƙe pH kada ya riƙa tsalle. Sai pH, daga 7.2 zuwa 7.8. In ya haura haka kulorin ya yi rauni. Sai sinadarin da ke kare kulorin daga rana, 30 zuwa 50. Daga nan sai babban zubi na kulorin, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakiti da girman tafkinka. A yi shi bayan magariba, kada rana ta cinye shi kafin ya yi aiki. A goge bango da matakala, a bar inji ya kwana yana aiki har ruwa ya washe.

Masu na'urar da ke samar da kulorin daga gishiri su lura, yawancinsu ba sa aiki in ruwa na da sanyi ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka. A makonnin farko da hannu za a riƙa zubawa.

Gargaɗi uku. Kulorin da asid in suka haɗu hayaƙi mai guba suke fitarwa. Kulorin iri biyu, na ƙwaya da na gari, in aka haɗa su a bokiti ɗaya ko aka ɗebe su da ludayi ɗaya, suna iya kamawa da wuta. In za a narka gari, shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa a kai. Safar hannu da tabarau, kuma a kulle ɗakin ajiya.

12. Kada a yi gaggawar kunna na'urar ɗumama ruwa.

Yawancin mutane suna jin daɗin ruwa ne a digiri 26 zuwa 28. Na'urar da ke jawo ɗumi daga iska ba ta tsinana komai in iskar gari ta sauka kusan digiri 10, kuɗi kawai za ta ci. Bargon roba mai kumfa da ake shimfiɗawa a kan ruwa ya fi ta amfani a wannan lokaci, domin ta hanyar tururi ruwa ya fi asarar ɗuminsa, musamman da dare. Amma bargon ba kariya ba ne, yaro na iya zamewa ƙarƙashinsa ba a gan shi ba. In za a shiga ruwa a cire shi gaba ɗaya.

Samari kan so nuna jarumta a ranar farko. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sarƙe numfashi da zarar an faɗa, ko da gwanin iyo ne. Sharuɗɗan fara wanka uku ne: ana ganin magudanar ƙasa tar daga bakin tafki, kulorin ya sauko tsakanin 1 da 4, ruwa ya yi ɗumin da ƙaramin yaro ba zai yi rawar ɗari ba.

13. Shirya wa ranar baƙi.

Daga 2025 zuwa 2027 Babbar Sallah na faɗowa ne tsakanin tsakiyar Mayu da farkon Yuni, daidai lokacin da tafkuna ke sabon buɗewa. Gidan da ke da fili kuwa can ake taruwa. In kana so ruwa ya zama garau ranar, ka ƙirga mako uku baya ka buɗe.

Ranar taro ita ce ranar da kowa ke zaton wani na kallon yara. Maza na wajen gashi, mata na kicin, hira ta yi daɗi. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa, shiru yake tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya. A naɗa babba ɗaya da aikinsa kallon ruwa kawai, ba waya a hannu, ba faranti. Bayan minti 15 ya miƙa wa wani baki da baki: "Yaya, karɓi, yara biyar ne a ciki." Uwargida ta tambayi kowace baƙuwa kai tsaye ko 'ya'yanta sun iya ruwa, ba abin kunya ba ne, da yawa cikin iyayen ma ba su iya ba. Wanda bai iya ba a sa masa rigar ceto ta gaske. Balan-balan ɗin da ake zura wa yara a damtse abin wasa ne.

Mata da 'yan mata masu son shiga su nemi kayan iyo masu rufe jiki da aka ɗinka domin ruwa. Abaya ko zani in ya jiƙe nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa. Ya kamata a ce ko mutum ɗaya a gidan ya koyi farfaɗo da numfashi ta danna ƙirji, kuma ƙungiyar Red Cross na koyar da shi cikin 'yan awanni. Da an tashi cin abinci a fito da kowa, a kwashe ƙwallo da duk kayan wasa daga kan ruwa don kada wani ya koma ɗauka, a ƙirga yara, sannan a ja ƙofar shinge a tabbatar sakata ta faɗa.